Da Wane Harshe Za a Koyar da Yaro? Tankaɗe da Rairaya a Kan Maganganun da Ke Yawo

A watan Nuwamba na 2025, Ministan Ilimi na Najeriya, Dakta Tunji Alausa, ya sanar a wani taro kan harshe da ilimi a Abuja cewa gwamnatin tarayya ta soke manufar harshe ta ƙasa ta 2022, kuma Turanci ne zai zama harshen koyarwa tun daga ajin share fage har jami'a. Manufar da aka soke ita ce wadda tsohon minista, Malam Adamu Adamu, ya bayyana a ƙarshen Nuwamba na 2022, wadda ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa tsawon shekara 6 na firamare. Tun daga nan maganganu suka yi ta yawo a ofisoshin malamai da majalisun unguwa da shirye-shiryen rediyo da zaurukan WhatsApp. Wasu na cewa an haramta Hausa a makarantun boko, wasu na cewa da ma koyarwa da Hausa ce ta jefa yaran Arewa cikin faɗuwa jarrabawa, wasu kuma na ganin tunda kowa a Arewa yana jin Hausa, ai ba wata muhawara. Kusan kowace daga cikin maganganun nan tana ɗauke da ɗan abin gaskiya, shi ya sa take saurin shiga kunne. Ma'aunin da ya dace a auna su da shi guda ne: yaro ba ya koyon abin da bai fahimta ba, kuma ajin firamare a ƙasa mai harsuna sama da 500 ba kasafai yake zama aji mai harshe ɗaya ba.

A fara da maganar haramci, domin ita ce mafi sauƙin warwarewa. Akwai bambanci tsakanin harshen da ake koyar da lissafi da kimiyya da shi, da harshen da ake koyarwa a matsayin darasi mai zaman kansa. Sanarwar ministan ta shafi na farko ne. Ba ta ce an cire Hausa ko Yarbanci ko Ibo daga jerin darussa ba, kuma Hausa darasi ne da ake rubutawa a jarrabawar WAEC da NECO, ana kuma yin digiri a kansa har zuwa na uku a jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo. Don haka wanda ya ce an kori Hausa daga makaranta ya wuce gona da iri. Amma wanda ya ce ba abin da ya canja, shi ma bai faɗi daidai ba. Tun daga manufar ilimi ta ƙasa ta 1977, a rubuce yake cewa shekarun farko na firamare za a koyar da su ne da harshen uwa ko harshen da aka fi amfani da shi a yankin, Turanci yana matsayin darasi, sannan a juya zuwa Turanci daga baya. Gyare-gyaren da aka yi wa manufar sun tsayar da wannan juyi a aji 4. Ke nan sanarwar 2025 ta saɓa wa tsarin da ya kusa shekara 50 a kan takarda, ba na 2022 kaɗai ba.

Magana ta biyu ta fi nauyi, domin ita ce hujjar da aka bayar ta soke manufar: cewa yankunan da suka rungumi koyarwa da harshen uwa su ne suka fi faɗuwa a WAEC da NECO da JAMB. Gaskiya ne sakamakon jarrabawa a jihohi da yawa na Arewa ba ya daɗi, kuma gaskiya ne ɗalibai da dama suna kammala sakandare ba su iya rubuta wasiƙa mai ma'ana da Turanci ba. Inda maganar ta karye shi ne wajen danganta wannan da manufar 2022. Lissafin a fili yake: yaron da ya shiga aji 1 na firamare a 2023 sai ya yi shekara 12 kafin ya zauna WAEC, wato wajen 2035. Waɗanda suka rubuta jarrabawa a 2024 da 2025 sun bar firamare tun kafin a rubuta manufar. Ban da haka, shi kansa Adamu Adamu ya faɗa a lokacin cewa aiwatarwa za ta ɗauki lokaci, domin sai an tanadi littattafai an kuma horar da malamai. Tsarin da bai isa aji ba, ba za a ɗora masa laifin abin da ya faru a aji ba.

Mai musu zai ce ai kowa ya san malamai a makarantun gwamnati na Kano da Katsina da Zamfara da Hausa suke koyarwa tun da daɗewa. Wannan gaskiya ne, amma a duba yadda abin yake gudana. Littafin da ke hannun malami na Turanci ne, abin da ya rubuta a allo Turanci ne, jarrabawar ƙarshen zango da Turanci take zuwa, shi kuma yana fassara da baki domin ya ga yara sun yi zuru. Yaro ya kwafi jimlar da bai iya karantawa ba, ya ji bayaninta da harshen da ba a koya masa rubutawa ba. A ƙarshe ba Hausar ya iya karantawa ba, ba Turancin ba. Gwaje-gwajen karatu da aka yi wa yaran ƙananan azuzuwa a Bauchi da Sakkwato a farkon shekarun 2010 sun nuna cewa mafi yawansu ba sa iya karanta ko da kalma ɗaya ta Hausa, harshen da suke magana da shi kullum. Da ana koyar da su da Hausa bisa tsari, da ba a ga haka ba. Wannan sakamakon ne ma ya share fagen shirye-shirye irin su Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da RANA a Katsina da Zamfara, waɗanda suka sa littafin Hausa a hannun yaro, da jagoran darasi a hannun malami. Sannan akwai wasu dalilan faɗuwa da ba ruwansu da zaɓin harshe: ajin da ya cika ya batse, rashin littafi, fashin makaranta lokacin damina da ranakun kasuwa, da ƙarancin ƙwararrun malamai. A 2017 gwamnatin Kaduna ta bayyana cewa malaman firamare 21,780 daga cikin kimanin 33,000 ba su ci jarrabawar gwaji ta matakin aji 4 ba. An yi ta jayayya kan yadda aka gudanar da gwajin, amma ya isa ya sa a yi tambaya: wa zai koyar da komai da Turanci tun daga aji 1, idan shi malamin bai riƙe Turancin da kyau ba?

Magana ta uku tsohuwa ce, kuma ta fi yawo tsakanin iyaye 'yan boko a birane: wai harshe biyu yana rikita ƙwaƙwalwar yaro, don haka gara a daina yi masa Hausa ko Fulatanci a gida. A farkon ƙarni na 20 wasu masu bincike a Turai da Amurka sun yi wannan zato, amma gwaje-gwajensu sun haɗa yaran baƙi matalauta da yaran masu hali, suka kuma gwada su da harshen da ba su ƙware a kai ba. A 1962 Elizabeth Peal da Wallace Lambert suka yi nazari kan yara a birnin Montreal na Kanada, suka daidaita matsayin iyalan yaran, sai aka ga masu harshe biyu ba su gaza masu harshe ɗaya ba, har sun zarce su a gwaje-gwaje da dama. Masana har yanzu suna jayayya kan girman wannan fifiko, amma batun cewa harshe biyu yana cutar da basira an daɗe da ajiye shi. Mu a nan ba ma bukatar zuwa Kanada neman shaida. Yaro a Yola yana tashi da Fulatanci da Hausa, na Maiduguri da Barbarci da Hausa, wani ma har da Larabcin Shuwa, na Jos da Birom da Hausa da Turancin kasuwa, kuma miliyoyi suna ƙara karatun Larabci a makarantar allo da Islamiyya. Abin da ke gaskiya a maganar shi ne yaro mai harshe biyu yakan cakuɗa su a jimla ɗaya, kuma kalmomin da ya sani a kowane harshe shi kaɗai suna iya gaza na mai harshe ɗaya. Wannan ba alamar ruɗewa ba ce. Manya ma haka suke yi, kuma idan aka haɗa abin da yaron ya sani a harsunan biyu, sai a ga bai yi baya ba.

Magana ta huɗu ita ce ta fi kama da hankali: tunda da Turanci za a yi jarrabawa, gara a fara da shi tun ranar farko, kuma duk awar da aka ba harshen gida an ƙwace ta ne daga Turanci. Amsar wannan ta fito daga cikin Najeriya tun da daɗewa. A 1970 Farfesa Aliu Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka fara gwajin shekara 6 a makarantar St. Stephen's da ke Modakeke, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa wasu makarantu. An koyar da rukuni ɗaya dukkan darussa da Yarbanci tsawon firamare, Turanci yana darasi guda, ɗaya rukunin kuma aka juya da shi zuwa Turanci bayan shekara 3. Waɗanda aka koyar da Yarbanci ba su yi baya a Turanci ba, kuma sun fi fahimtar sauran darussa. Masu suka sun ce rukunin gwaji na farko ya sami malamin Turanci na musamman da kulawar jami'a, abin da makarantar ƙauye ba ta da shi. Sukar tana da tushe, kuma darasinta shi ne harshen uwa ba ya aiki shi kaɗai sai an haɗa shi da koyar da Turanci mai kyau. Amma akwai shaidar da ba ta fito daga makarantar gwaji ba. A Afirka ta Kudu, Stephen Taylor da Marisa von Fintel sun bi bayanan dubban makarantun firamare na yau da kullum, suka wallafa a 2016 cewa yaran da aka fara koyar da su da harshen gida a azuzuwa 3 na farko sun fi iya Turanci a aji 4 zuwa 6 fiye da takwarorinsu da aka fara da Turanci kai tsaye.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Karatu sau ɗaya ake koyonsa. Yaron da ya gane cewa harafi yana wakiltar sauti, sautuka suna haɗuwa su ba da kalma, kalmomi kuma suna ɗauke da ma'ana, ya riga ya mallaki dabarar, kuma zai tafi da ita duk harshen da ya shiga. Ganewar tana zuwa da sauri idan kalmar da ya haɗa ta zama wadda ya sani, musamman a harshe irin Hausa da rubutunsa ke bin furuci kusan sau da ƙafa, saɓanin Turanci da harafi ɗaya ke da furuci iri-iri. Wanda aka fara da baƙon harshe kuwa an ɗora masa kaya biyu lokaci guda: koyon karatu da koyon harshen da za a karanta. Masanin nan na Kanada, Jim Cummins, ya nuna cewa yaran baƙi sukan iya hirar yau da kullum da sabon harshe cikin kamar shekara 2, amma harshen littafi da jarrabawa yakan ɗauke su shekara 5 zuwa 7, alhali suna zaune cikin masu harshen. Ina ga yaron da ba ya jin Turanci ko'ina sai a bakin malami? Masu kafa hujja da makarantun kuɗi na Abuja da Kaduna, inda yara ke tashi da Turanci garau, sun manta cewa waɗannan yaran suna jin Turanci a gida da talabijin, suna da littattafai, ajinsu kuma ba cunkoso. A wurinsu Turanci ya riga ya zama harshen da suka fahimta, don haka misalinsu yana ƙarfafa ƙa'idar ne.

Magana ta biyar daga ɓangaren masu kishin Hausa take fitowa, kuma ya kamata a faɗa musu gaskiya kamar yadda aka faɗa wa masu kishin Turanci. Cewa kowa a Arewa yana jin Hausa, don haka a koyar da kowa da ita, rabin gaskiya ne. Hausa ita ce harshen kasuwa da tasha da rediyo daga Sakkwato har Mubi, kuma a garuruwa da yawa yaran wasu ƙabilu sun fi sakewa da ita fiye da harshen kakanninsu. Irin waɗannan yaran Hausa za ta yi musu amfani a aji. Amma wanda ke jin Hausa a kasuwa baligi ne da ya yi shekaru yana cuɗanya. Yaro ɗan shekara 6 da ya taso a rugar Fulani, ko a ƙauyen Barebari a arewacin Borno, ko cikin Nufawa a ƙasar Bida, ko Gbagyi, ko Mumuye a Taraba, ko Tangale a Gombe, ko Sayawa a Bauchi, ko Dakarkari a Zuru, yana iya shiga aji 1 ba ya jin Hausar da za ta ɗauki bayanin lissafi. Idan aka zaunar da shi aka yi ta yi masa Hausa ba tare da la'akari ba, an yi masa abin da ake kukan Turanci yana yi wa ɗan Bahaushe. Akwai kuma tarihi. A Filato da kudancin Kaduna da wasu sassan Adamawa, mutane da yawa suna kallon yaɗuwar Hausa a matsayin abin da ke cinye harsunansu, kuma ba za a kira wannan damuwa ƙiyayya a wuce ba. A Nijar ma, inda kundin da hukumomin soja suka fitar a 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, yaron Zabarmawa a Tillaberi ko na Buzaye a Agadas bai wayi gari yana jin Hausa ba don an rubuta doka.

Daga nan sai a ji magana ta shida: to tunda harsuna sun yi yawa, abin ba zai yiwu ba, gara kowa ya haɗu a Turanci. Wahalar gaskiya ce. Harsuna da yawa ba su da daidaitaccen rubutu, ba su da littafin aji, ba su da malamin da aka horar ya koyar da su, kuma buga littafi kuɗi ne. Amma rashin iya yi wa harsuna 500 a rana ɗaya ba hujja ba ce ta ƙin yi wa ko ɗaya. Harsuna ƙalilan ne suka ƙunshi mafi yawan yaran ƙasar, kuma da dama cikinsu, irin su Hausa da Yarbanci da Ibo da Fulatanci da Barbarci da Tibi da Nufanci da Efik, sun daɗe da rubutu. Hausa ma da ita aka koyar a makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Ƙananan harsuna ma an gwada: a 1970 aka fara aikin samar da littattafan karatu na firamare a harsunan tsohuwar Jihar Ribas, wanda Kay Williamson da E. J. Alagoa suka yi fice a cikinsa, kuma an samar da su a harsuna da dama. Habasha tun manufarta ta 1994 take koyarwa a firamare da harsuna sama da 20. Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram a 1973, daga baya aka ƙara Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci. Abin da ya fi damun irin waɗannan ayyuka shi ne sukan tsaya a matakin gwaji shekara da shekaru, ko su mutu idan tallafin waje ya ƙare. Wannan matsalar kasafi ce da niyya.

Saura ajin da ya fi kowanne wuya, wanda babu harshe ɗaya da ya haɗa yaransa: ajin Sabon Gari a Kano, ko na gefen Abuja, ko makarantar da ta karɓi yaran da rikicin Boko Haram ko na 'yan bindiga ya raba da garuruwansu. A nan harshen da yara suka fi tarayya a kai, Hausa ne ko Turanci, dole shi zai ja ragama, amma akwai abin da malami zai yi ba tare da jiran Abuja ba. Ranar ɗaukar yaro a tambayi iyayensa da wane harshe ake magana a gida, a rubuta a rajista. A zaunar da sabon zuwa kusa da wanda ke jin harshensa, a bar su su yi wa juna bayani. A koyar da sababbin kalmomi da hoto da abin da ake iya taɓawa kafin a shiga darasi. A daina cin tarar yaro ko dukansa don ya yi harshensu a harabar makaranta, domin hakan tsoron magana yake koya masa. Hukumomin ilimi na ƙananan hukumomi kuma su duba harshen malami kafin su tura shi ƙauye, musamman malamin aji 1 zuwa 3. Akwai kuma kuskuren da ake yawan yi na ɗaukar shirun yaro a matsayin daƙiƙanci. Yaron da ya shiga sabon harshe yakan yi makonni ko watanni yana sauraro kafin ya buɗe baki. Wani kuma tarbiyyar gidansu ce ta hana shi haɗa ido da babba ko ɗaga murya, kamar yadda kunya take da daraja a wurin Fulani da Hausawa. Hatta cikin Hausa, yaron da ya zo da Sakkwatanci ko Katsinanci bai yi kuskure ba don furucinsa ya bambanta da daidaitacciyar Hausar littafi. A koya masa ta littafi ba tare da an mai da shi abin dariya ba.

Akwai gaskiya guda da masu goyon bayan harshen uwa suke yawan tsallakewa, kuma ita ce ta sa iyaye da yawa suka yi maraba da sanarwar ministan. Turanci shi ne harshen jarrabawa da jami'a da takardar neman aiki a Najeriya, kuma talakan da ya ce yana son ɗansa ya iya shi ya san abin da yake yi. Duk tsarin da zai bar ɗan talaka da harshen gida kaɗai, 'ya'yan masu hali suna tafiya da Turanci, zalunci ne ko da an yi shi da sunan kishin al'ada. Saɓanin yana kan hanya ne. Shaidar da ake da ita, daga Ife zuwa Afirka ta Kudu, tana nuna cewa hanyar da ta fi kai yaro ga Turanci mai ƙarfi ita ce a fara koya masa karatu da lissafi da harshen da yake ji, a shigo da Turanci da baki tun daga aji 1 a hannun malamin da ya iya shi, sannan a ƙara masa nauyi a hankali har ya zama harshen darasi. UNESCO ta ƙiyasta a 2016 cewa kusan kashi 40 cikin 100 na mutanen duniya ba sa samun ilimi da harshen da suke ji, kuma an sha canja doka a ƙasashe da dama ba tare da wannan ya motsa ba. Tunda firamare tana hannun jihohi da ƙananan hukumomi ne ta fuskar ɗaukar malamai da sayen littattafai, can ya kamata iyaye da kwamitocin makarantu su kai tambayoyinsu: yara nawa ne a aji 3 suke iya karanta gajeren labari su faɗi abin da ya ƙunsa, da wane harshe, malaminsu yana jin harshensu, kuma akwai littafi a hannun kowannensu? Gwamnan da ya iya amsa waɗannan da alƙaluma, shi ne ya cancanci a saurari ra'ayinsa kan harshen koyarwa.